Yadda za ka tono zaton da ke ɓoye a cikin tsarin talla tun kafin kuɗi su fita

A ce ana zaune ana shawara a kan yadda za a tallata wani kaya, sai wani ya ce, "Matasa wuni suke a TikTok, don haka in muka zuba kuɗin tallarmu a can ciniki zai tashi." Kowa ya gyaɗa kai, aka wuce magana ta gaba. To tsaya tukuna. A cikin wannan jumla guda ɗaya akwai abubuwa da yawa da babu wanda ya furta amma duk an amince da su, cewa matasan nan su ne masu sayen kayan, cewa suna da kuɗin saye a hannunsu, cewa wanda ya ga bidiyo yana wucewa da yatsa zai tsaya ya kalla har ya tuna sunan kayan, cewa in ya tuna ɗin ya san inda zai samu. In ɗaya daga cikinsu ya zama ba haka ba ne, maganar gaba ɗaya ta zube, alhali rabinta na farko gaskiya ne tsantsa, matasa suna wuni a TikTok ɗin.

Wannan shi ne ɓoyayyen zato, abin da hujja ta jingina da shi amma ba a faɗe shi ba. Kuma fa ba laifi ba ne a bar wani abu ba a faɗa ba, duk haka muke magana, in za ka riƙa furta kowane abu da ka ɗauka ba za ka gama jumla ɗaya ba sai dare ya yi. Tun zamanin Aristotil, sama da shekara 2,300 da suka wuce, ya lura cewa mai jawabi yakan bar muƙaddima ɗaya, wato ɗaya daga cikin maganganun da ake gina hujja a kansu, ya ƙyale masu sauraro su cike ta da kansu, waɗanda suka taɓa karatun manɗiƙi sun san zancen, muƙaddima biyu ke haifar da natija, wato sakamakon hujja, amma a baki ɗaya kawai ake faɗa. Matsalar talla ita ce wannan muƙaddimar da aka haɗiye kuɗi ake ɗorawa a kanta, wani lokacin ma kasafin shekara guda.

Abu na farko da nake so ka saba yi shi ne ka raba maganar gida biyu, ka ware hujja gefe ka ware natija gefe. Ka rubuta su a takarda, kar ka ce za ka riƙe a ka. Hujja ita ce abin da aka ce an sani, galibi tana biyo bayan "tunda" ko "saboda" ko "bincike ya nuna". Natija ita ce abin da ake so ka yarda da shi, tana zuwa bayan "don haka", "kenan", "shi ya sa ya kamata mu". A tsarin talla sau da yawa natijar a lulluɓe take cikin manufa, sai ka ji an ce "domin mu ƙara kwastomomi za mu sa talla a rediyo da safe", to a nan natijar ita ce tallar rediyo da safe za ta ƙara kwastomomi, ko da ba a faɗe ta a haka ba. Ka mayar da ita jumla cikakkiya wadda za a iya cewa gaskiya ce ko ba gaskiya ba ce. In ka kasa mayar da ita haka, to ka riga ka gano matsala ta farko, tsarin bai ma san abin da yake iƙirari ba.

Daga nan sai ka nemi baƙuwar kalma. Wannan ita ce dabarar da ta fi yi min aiki kuma ita na fi so in tsaya a kai. Ka dubi natija, wace kalma ce ko wane ra'ayi ne ya bayyana a cikinta wanda babu shi sam a cikin hujja? Ɗauki wannan: "Bidiyon tallarmu mutane da yawa sun kalla, sun yi ta turawa juna, saboda haka kamfen ɗin ya kawo riba." Hujja tana maganar kallo da turawa, natija tana maganar riba, ina riba ta fito? Ba a ambace ta a baya ba, tsalle aka yi daga kallo zuwa riba, kuma gadar da aka tsallaka a kai ita ce zaton, wato masu kallon nan wasunsu sun saya, kuma abin da suka saya ya haura abin da aka kashe. Kullum a nan yake zama, tsakanin kalmar da aka fara da ita da kalmar da aka ƙare da ita. Gani ya koma saye, saye ya koma riba, "sun ce suna so" ya koma "za su biya", "masu bin shafinmu" ya koma "kwastomominmu", mata ya koma iyaye mata, masu waya ya koma masu data. Wani lokacin kalmomin sun yi kusa da juna sosai har ba ka lura an sauya ba, biri ya yi kama da mutum, shi ya sa na ce a rubuta, ido ya fi kunne kama irin wannan.

Wani masanin falsafa ɗan Ingila, Stephen Toulmin, a 1958 ya fitar da tsarin da ke raba hujja zuwa iƙirari, da bayanan da aka dogara da su, da kuma abin da ya ba ka izinin tafiya daga bayanan zuwa iƙirarin. Wannan na ukun shi muke farauta. Tambayar da za ka riƙa yi ita ce, me ya ba ni izinin tashi daga nan in sauka can?

To ka samo wani abu da kake zargin shi ne zaton, ta ina za ka tabbatar? Ka juya shi. Ka ce ba haka ba ne, sannan ka koma ka karanta hujjar ka ga ko tana nan tsaye. In ta faɗi warwas, zato ne na dole. In ta ɗan girgiza amma tana nan, ko ma ba ta motsa ba, to wannan ba shi ba ne, ƙila dai abu ne mai kyau da zai taimaka amma hujjar ba a kansa ta tsaya ba.

Misali, kamfanin da ke yin takalman gudu ya ce zai manna talla a wuraren motsa jiki domin ya samu sabbin masu saye. Wani ya ce zaton shi ne, wasu daga cikin masu zuwa motsa jiki ba su riga sun zama kwastomomin kamfanin ba. Juya shi: duk masu zuwa wurin sun riga sun zama kwastomomi. Shikenan magana ta mutu, ba za ka samu sabo a inda kowa tsoho ne ba, kenan wannan zato ne na dole. Wani kuma ya ce zaton shi ne, wurin motsa jiki ya fi ko'ina kyau wajen talla. Juya shi: akwai wurin da ya fi shi kyau. To sai me? Tsarin bai ce nan ne ya fi ko'ina ba, cewa ya yi za a samu sabbin masu saye, kuma ana iya samu ko da akwai inda ya fi. Ka ga wannan bai zama dole ba.

Akwai wurin da mutane ke zamewa a wajen juyawar nan, kuma yana ɓata aikin duka. Kishiyar "duka" a wannan gwajin ita ce "ba duka ba", kar ka tsallaka ka ce "babu ko ɗaya". In aka ce duk masu sauraron rediyo da safe suna da mota, juyawarsa ita ce aƙalla akwai wani wanda ba shi da ita, kuma mutum ɗaya marar mota ba zai rusa tsarin tallar taya ba, kenan "duk" ɗin nan ya yi yawa, ba a buƙatarsa. Kishiyar "wasu" kuwa ita ce "babu ko ɗaya", kuma wannan yakan kashe hujja nan take. Shi ya sa za ka ga zato na dole yawanci magana ce mai taushi, "aƙalla wasu", "zai yiwu", "ba duka ba ne za su ƙi". Da ka ga "kowa", "kawai", "kullum", "mafi kyau", "babu wata hanya sai", ka ɗan ja baya ka sake dubawa, da wuya hujja ta buƙaci abu mai ƙarfi haka kafin ta tsaya.

Ga masu shirin jarrabawa, irin GMAT ta shiga karatun kasuwanci da LSAT ta shiga karatun lauya da gwajin Watson-Glaser da wasu kamfanonin lauyoyi ke yi wa masu neman aiki, tambayar gano ɓoyayyen zato tana fitowa sosai, kuma misalan talla suna cikin waɗanda aka fi so. Za a ba ka magana kamar, kamfani ya sa sanarwa a jarida cewa duk wanda ya sayi biyu za a ba shi ɗaya kyauta, sai a jero zato a ce wanne ne ke ciki. Cewa akwai masu karanta jaridar, yana ciki. Cewa kyauta tana iya jan hankalin wasu su saya, yana ciki, in ba haka ba me zai sa a yi sanarwar. Cewa kayan ba ya tafiya ne shi ya sa ake kyauta, wannan hasashenka ne kai, ba ya ciki. Kuma kar ka haɗa zato da abin da ake fahimta daga magana, zato yana gaba da magana, shi ta taka ta hau, fahimta kuwa bayan maganar take zuwa. A ɗakin jarrabawa ba ruwanka da ko zaton gaskiya ne a duniya, abin da ake tambayarka shi ne mai maganar yana buƙatarsa ko ba ya buƙata. A wajen aiki kuwa dole ka yi duka biyun, ka gano shi sannan ka bincika ko gaskiya ne.

Yanzu bari in nuna maka ramukan da ya fi ɓuya a ciki, don in ka san su idonka zai riƙa zuwa wurin da kansa.

Babban cikinsu shi ne zaton cewa tallar ce ta jawo cinikin. "Mun sa talla, ciniki ya ƙaru, kenan talla ta yi aiki." An ɗauka babu wani abu da ya canza a lokacin, ba yanayi ba, ba farashin abokin hamayya ba, ba lokacin da dama mutane suka saba saye ba, kuma an ɗauka waɗanda suka saya ɗin da ba su ga talla ba da ba za su saya ba. Wannan na ƙarshen shi ya fi cin kuɗi. Kamfanin eBay, mai kasuwar saye da sayarwa a intanet, ya taɓa gwada shi da gaske. A 2012 suka dakatar da biyan kuɗin tallar da ke fitowa in mutum ya rubuta sunan eBay a injin bincike na Yahoo da MSN, sai aka ga kusan duk mutanen da a da suke shigowa ta tallar sun ci gaba da shigowa ta sakamakon bincike na kyauta da ke ƙasanta. Wato wanda ya riga ya rubuta sunanka da hannunsa dama wurinka zai zo, kana biya ne a nuna masa ƙofar da yake tsaye a bakinta. Masu binciken, Thomas Blake da Chris Nosko da Steven Tadelis, sun kuma kashe sauran tallar bincike a kusan kashi 30 cikin 100 na yankunan Amurka har kwana 60, suka gano tallar tana tasiri a kan sabbin mutane da waɗanda ba su cika saye ba, amma mafi yawan kuɗin a kan tsofaffin kwastomomi yake ƙarewa, waɗanda ko da talla ko babu za su saya. An buga sakamakon a 2015. Abin da ya sa nake son wannan labarin shi ne alƙaluman da kamfanin ke kallo a da ba ƙarya ba ne, mutane sun danna talla kuma sun saya, ƙaryar tana cikin abin da ba a faɗa ba.

Sai zaton cewa abin da aka auna shi ne abin da ke sa mutum saye. A watan Afrilu na 1985 Coca-Cola ta canza ɗanɗanon lemonta bayan shekara 99, bayan an yi gwajin ɗanɗano da mutane kusan 200,000 kuma akasarinsu sun fi son sabon. Hujja: sun fi son sabon ɗanɗano. Natija: za su karɓe shi a madadin tsohon. Ka ga baƙuwar kalmar? "A madadin". Gwajin ya auna harshe ne, bai auna yadda mutum zai ji ba in aka ɗauke masa abin da ya taso da shi gaba ɗaya daga kasuwa. Ƙorafi ya yi ta zuwa, kwana 79 kacal aka dawo da tsohon da sunan Coca-Cola Classic. Duk lokacin da aka kawo maka sakamakon jin ra'ayi ka tambaya, wa aka tambaya, me aka tambaye shi daidai, kuma shin tambayar ita ce shawarar da za mu yanke?

Akwai kuma zaton cewa mutane za su yi abin da muka tsara musu su yi. A 1992 kamfanin Hoover, mai ƙera na'urar zuƙe ƙura da sauran kayan aikin gida, a Birtaniya ya yi alkawarin tikitin jirgi biyu kyauta ga wanda ya sayi kayansa na fam 100 zuwa sama, da farko zuwa Turai, daga baya aka ƙara har da Amurka. Tikitin Amurka biyu sun ninka fam 100 sau da yawa, to ta ina lissafin zai fita? An ɗauka mutane kaɗan ne za su jure wahalar cike takardu su nemi tikitin, kuma an ɗauka da yawa za su sayi kaya masu tsada. Jama'a suka yi nasu lissafin, suka yi ta sayen na'urar zuƙe ƙura mafi araha da ta cika sharaɗi don tikitin kawai. Ciniki ya tashi sosai, a wannan ɓangaren tallar ta yi aiki, amma abin ya ci kamfanin kusan fam miliyan 50, aka kori manyan shugabanni, a 1995 aka sayar da reshen Turai ga kamfanin Candy. Da wani ya zauna ya rubuta "tsarin nan yana buƙatar yawancin masu saye su ƙi karɓar kyautar da muka yi musu alkawari", ya karanta da ƙarfi a gaban kowa, ina ganin da wuya a sa hannu.

Sauran ramukan ba sai na daɗe a kansu ba. Abin da ya yi aiki bara zai yi bana. Abin da ya yi wa wani kamfani aiki zai yi mana. Abokan hamayya za su zuba ido ba za su rage nasu farashin ba. In mutane suka zo muna da kayan da za mu ba su da ma'aikatan da za su amsa waya. Wanda ya saya lokacin rangwame zai dawo in farashi ya koma daidai, kuma ba kwastoman gobe ba ne muka jawo ya saya yau da araha.

In ka yi wannan aikin da kyau za ka tashi da zato goma ko sha biyar a takarda, kuma a nan wasu ke rikicewa su ce to ai ba za a taɓa yin talla ba kenan. A'a, ba duka za ka bi ba. Ka yi wa kowanne tambaya biyu, yaya girman ɓarnar in ya zama ƙarya, kuma wace shaida muke da ita a hannu cewa gaskiya ne. Wanda ɓarnarsa babba ce kuma shaidarsa ba ta wuce "ai kowa ya sani" ba, shi za ka sa a sama. Ni a ganina zaton da ya fi haɗari shi ne wanda duk ɗakin ya yarda da shi, har da kai, domin wanda ake gardama a kansa ai an riga an gan shi, wani zai bincika. Shi ya sa yana da amfani ka ba wanda ba ya cikin aikin tsarin ya karanta, ka ce masa duk inda ya ji "me ya sa?" ta taso masa ya ja layi, ko da tambayar ta yi kama da ta yara.

Sannan ka gwada da ƙaramin kuɗi kafin babba. Ka kunna tallar a wasu yankuna ka bar wasu masu kama da su babu talla, ka kwatanta cinikin, kamar yadda eBay ta yi, dandamali irin su Facebook da Google ma suna da hanyar ware wani kaso na mutane da ba za a nuna musu tallar ba don a gwada. Ka rubuta tun kafin a fara wane sakamako ne zai sa ka ce zaton ya faɗi, in ba haka ba bayan an gama kowa zai nemo fassarar da ta dace da abin da yake so. JC Penney, mai manyan shaguna a Amurka, ba ta yi wannan ba a 2012, sabon shugabanta Ron Johnson da ya zo daga Apple ya soke yawancin rangwame da takardun ragi a shagunan kamfanin gaba ɗaya, a bisa tunanin cewa kwastoma ya fi son farashi ɗaya mai sauƙi na gaskiya da a ɗaga masa sannan a rage. Tunani ne mai ma'ana wallahi, amma kwastomominsu jin daɗin samun ragin ma yana cikin abin da ke kawo su. Ciniki ya faɗi da kusan kashi 25 cikin 100 a shekarar, a Afrilun 2013 aka sauke shi. Shaguna kaɗan da an fara da su, wata biyu ko uku sun isa su nuna inda aka dosa.

Sai yadda za ka faɗa, don wannan ma yana da muhimmanci, mutum ya kwana yana haɗa tsari ka zo ka ce masa "zato kake yi" zai ji kamar ka ce bai san aikinsa ba, daga nan kare kai zai fara kuma an daina sauraron juna. Ka ce masa, "me ya kamata ya zama gaskiya kafin wannan ya yi aiki?" ku jero tare, shi da bakinsa zai faɗi abubuwan da kai ma ba ka hango ba tunda ya fi ka sanin tsarin. In kun gama ku rubuta su a shafin farko na tsarin, kowanne da sunan wanda zai bincika shi da ranar da zai kawo amsa, kuma kason kuɗin da ya dogara da zaton da ba a tabbatar ba a riƙe shi har amsar ta zo.